Matar da Aka Goge Daga Bakin Ƙofa

Da Senyor Baldiri Gatell ya yaye farin ƙyallen da ke kan zane na ƙarshe, babu komai a ƙarƙashinsa sai firam. Ta cikin firam ɗin bangon zauren kawai ake gani.

Manyan Barcelona ne tsaye a bayansa, maza da dogayen huluna, mata da mafitai, kusan kowa da jaridar safiyar Asabar a hannu. Ita ta kawo su. Eudald Vilamala ya cika shafi guda a kan wannan ɗan ƙaramin zanen, kuma a garin nan idan Vilamala ya ce zane ya yi, har waɗanda ba su san ja daga kore ba sai sun zo sun tsaya a gabansa suna gyaɗa kai. Shekara ashirin yana wannan sharhi, ga kuma littafinsa na labarin mutanen kan duwatsu da ya sa matan gari kuka. Yau an zo ganin abin da ya yaba, an tarar da rami.

Kafin Sufeto Magí Rosell na 'yan sanda ya iso, an sallami baƙi. Rosell mutum ne da ya haura hamsin, mai ciwon gwiwa, kuma ba ya son shari'ar masu zane, don a cewarsa kowannensu sai ya yi maka bayanin ransa kafin ya faɗa maka inda ya kwana. Ya sauke firam ɗin, ya juya bayansa. Ƙananan ƙusoshin da ke riƙe zanen an lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, a tsanake. Ba a yanka komai ba.

"Ba sai ka wahalar da ƙafarka ba, Sufeto," in ji Baldiri, mai zauren, yana share gumi. "Mai zanen ne da kansa. Benet Tarrida."

"Mutum ya saci abinsa?"

"Shekaranjiya wa ya san sunansa? Gobe kuwa duk jaridun gari shi za su ɗauka. Na ga irinsu. Ya kunyata ni a gaban mutanen da na yi shekaru ina lallaɓawa, sai na ga ƙarshensa."

"Yaushe aka ga zanen na ƙarshe?"

Baldiri ya yi bayani a gajarce, kamar mai jin haushin a ce akwai wanda bai sani ba. Jajibirin buɗe baje koli masu zane suna zuwa su shafa wa aikinsu man ƙyalli. Da la'asar a kori kowa, a rufe ƙofar gilashi, mai sharhi ya shiga ya duba son ransa, don kada a ce wani ya raɗa masa a kunne. Idan ya fita, a lulluɓe kowane zane saboda kada ƙura ta manne wa man. Ba a sake buɗewa sai a gaban baƙi.

"Senyor Vilamala ya duba wannan?"

"A gabansa ya fi daɗewa. Ni na kai shi har wurin, na fito. Ta gilashi ina kallonsa, ko motsi ba ya yi."

"Me ke cikin zanen?"

"Gida ne, ina jin. Na ƙauye." Baldiri ya ɗaga kafaɗa. "Zane arba'in na rataye, Sufeto. Karanta jarida, ya fi ni iya faɗa."

Rosell ya kira mai gadi, wani tsoho mai suna Sadurní.

"Bayan an lulluɓe zanen, wa ya shiga?"

"Babu baƙon da ya shiga, yallaɓai. Ni na kulle da hannuna."

Kafin azahar shugaban ofishinsu ya riga ya sa an kamo Benet Tarrida. An same shi a bakin teku, bai kwana a ɗakinsa ba, ga fenti a hannayensa, kuma ya kasa faɗin inda ya yi daren. Shugaban ya ce ran Litinin a gurfanar da shi. Damfara da sata a zauren babban mutum, ɗan ƙauye marar kowa, kowa ya san shekarun da alƙali zai yanka.

Rosell bai tafi wurinsa kai tsaye ba. Ya fara da wanda gari ke nunawa da baki, Gaspar Ollé, mai zanen da Vilamala ya taɓa rubuta cewa dawakinsa sun fi kama da tebura. Ya same shi a shagon kofi yana tsoma burodi a cakulan mai zafi.

"Da ni na ɗauka, da na ƙona shi a tsakiyar babban titin Rambla kowa ya gani," in ji Gaspar. "Zauna mana. Jiya tun da aka kore mu ina nan, da mutum shida, muna zagin Vilamala har aka rufe shago. Tambayi mai shagon, ya gaji da mu."

Mai shagon ya tabbatar, da fuskar wanda ya gaji ɗin.

"Ka ga zanen Tarrida?"

"Allah ya kiyaye. Ba na kallon aikin yara, yana lalata min ido. Shi dai na gan shi. Kowa na shafa mai, shi kuwa ya zo da burushi da fenti, ya juya mana baya yana ta dangwale-dangwale tun safe. Wa ke taɓa fenti ranar shafa mai? Abin da zai yi mako bai bushe ba. Na ce masa, kai ɗan kan dutse, a gidanku ba a gama aiki kafin a kai kasuwa? Ko juyowa bai yi ba."

Rosell ya biya kuɗin kofinsa ya fita. Gaspar ya fita daga lissafi, amma ya bar masa tambaya.

Benet na zaune a kan bencin ɗakin tsaro, hannayensa tsakanin gwiwoyi. Siriri ne, idanunsa sun kumbura. Rosell ya zauna kusa da shi ya buɗe jarida.

"An karanta maka abin da aka rubuta a kanka?"

"A'a."

"To saurara. 'Gidan dutse ne a gindin tsauni, irin wanda sanyi ya ci. Amma duk zanen a jikin mace guda yake rataye, tsohuwar da ke tsaye a bakin ƙofa da jan mayafi, tana duban hanya. Jan nan shi ne wutar da ta rage a gidan.'" Ya ɗago kai. "Ba kowa ke samun irin wannan daga Vilamala ba."

Benet ya kawar da kai daga jaridar.

"Me ka gyara jiya da safe?"

"Ɗan abu ne."

"Wane abu?"

"Yallaɓai, mutumin nan ya yabe ni. Tunda na zo garin nan babu wanda ya taɓa yabona."

"Ban tambaye ka wannan ba. Litinin za a kai ka gaban alƙali, kuma ba ni da abin da zan faɗa masa. Me ka gyara?"

Benet ya dubi fentin da ke hannayensa.

"Babu mace a zanen."

"Ban gane ba."

"Da akwai. Mahaifiyata ce, gidanmu ne. Shekaranjiya da yamma wani ɗan ƙauyenmu mai kawo gawayi ya tare ni a hanya, ya ce an binne ta tun makon jiya, dusar ƙanƙara ta hana a aiko. Na kwana ina tunanin mutane za su zo su tsaya suna kallonta tana jirana. Da safe na je na shafe ta. Na bar ƙofar a buɗe, cikinta duhu, babu kowa."

"Kafin la'asar ka gama?"

"Tun kafin azahar."

"Wa ya ga zanen da matar a ciki?"

"Senyor Vilamala da matarsa. Sun hau har ɗakina kwanakin baya. Shi bai ce komai ba, ita ce ta yi ta tambaya, wannan jan da me ka haɗa shi, me ya sa hannunta yake kan ƙofa." Ya share hanci da hannun riga. "Ban ɗauka ba, yallaɓai. Shi kaɗai ya rage min na gidan. Ina zan kai shi?"

Rosell ya naɗe jaridar a hankali. Mutum ya tsaya a gaban zane da la'asar, ya fi daɗewa a wurin, sannan ya je ya yabi matar da aka goge tun kafin azahar. Shi ma ya karanta littafin Vilamala, sau biyu ma, kuma bai so inda tunaninsa ya nufa ba.

Gidan Vilamala na hawa na uku a wani tsohon gini kusa da babban coci. Senyora Coloma ce ta buɗe ƙofa, doguwar mace mai furfura a gefen kai. Abin da ya fara dukan hancin Rosell shi ne warin ruwan wanke fenti. A baranda kuma an shanya doguwar rigar sanyi ta mata, an juya cikinta waje.

Vilamala na zaune a kujera, bayansa ga taga, littattafai har rufi. Gemunsa a gyare, muryarsa mai daɗi.

"Sufeto. An ce an kama yaron. Kuskure ne, wanda ya yi wannan zanen ba ya buƙatar dabara."

"Jiya ku biyu kuka je zauren?"

"Ni kaɗai. Surukata ba ta da lafiya a garin Sabadell, Coloma ta je duba ta, jirgin ƙasan dawowa ya makara. Na ɗauki keken doki. Daga can na wuce gidan jarida na faɗa, aka rubuta. Haka nake yi yanzu, sun ce rubutun hannuna ya fi ƙarfinsu."

"Matar da ke bakin ƙofa, jiya ma ka gan ta?"

"Kamar yadda nake ganinka."

Coloma ta kawo kofi. Ta ajiye na Rosell a tebur. Na mijinta kuwa ta tura shi har sai da ya taɓa yatsunsa, sannan ya ɗauka. A gefen farcenta akwai baƙi-baƙi da wanki bai fitar ba.

"Senyora, ƙarfe nawa kika dawo?"

"Gab da faɗuwar rana."

"Gida kika wuce?"

"Ina kuma zan je?"

Rosell ya shanye kofinsa ya miƙe. Bai ce komai ba, ya miƙa wa Vilamala hannu. Hannun ya tsaya a iska. Vilamala na murmushi yana duban wani wuri kusa da kafaɗarsa. Sai Coloma ta yi ɗan tari, nan take mijin ya ɗago hannunsa yana neman na Rosell. Suka gaisa. Idon Rosell ya haɗu da na matar, ita ce ta fara kawar da kai.

Ya sauko matakalar yana dafa bango. A shekarunsa na aiki ya sha yi wa mutane tarko, bai taɓa jin kunyar tarko irin na yau ba.

Ya koma zauren ya sami Sadurní yana shara.

"Ka ce babu wanda ya shiga bayan an lulluɓe."

"Na ce babu baƙo, yallaɓai."

"Wanda ba baƙo ba fa?"

Tsohon ya jingina da tsintsiya. "To, sai dai Senyora Coloma. Ai ita 'yar gida ce. Shekara nawa tana shiga da maigidanta lokacin da ko mai zauren ba ya shiga? Ta zo nemansa a gurguje, na ce ya tafi. Ta ce bari ta ɗan leƙa tunda ta rasa na yau. Na je rufe tagogin baya, na dawo tana fita, ta ƙudundune cikin rigar sanyinta. Har na ce mata Allah ya ba tsohuwa lafiya."

Shi ke nan. Da wani ɓarawo ne, da kafin magariba Rosell ya sa masa ankwa. Amma ya tsaya a bakin titi ya rasa inda zai nufa. Idan ya yi shiru, wani bawan Allah da uwarsa ta mutu zai tafi kurkuku a kan abinsa. Idan ya yi magana, dole ya faɗi dalili, kuma dalilin zai kashe mutum yana raye. Ya nemi hanya ta uku bai samu ba. Ya tafi gida, ya bar Benet ya kwana a kan benci, kuma ya san ba daidai ya yi ba.

Ran Lahadi da safe ya sa hannu ya fito da Benet a ƙarƙashin kulawarsa, ya ce zai kai shi ya shaida kaya. Suka hau hawa ukun tare. Da Coloma ta buɗe ƙofa ta ga su biyu, ba ta tambayi komai ba, ta matsa gefe.

"Wa da wa?" in ji Vilamala daga kujerarsa, sannan ya yi sauri ya ƙara, "Haske ya yi min yawa a ido."

"Ni ne, Senyor, da Benet Tarrida," in ji Rosell. "Zan yi magana, ku yi haƙuri ku bar ni in kai ƙarshe, don ba na jin zan iya farawa sau biyu."

Ya ƙi zama.

"Ɓarawon titi da wuƙa yake yanke zane, ko ya ɗauki firam ɗin da ya fi saurin sayuwa. Wanda ya ɗauki wannan ya lanƙwasa ƙusoshi a tsanake, ya saba taɓa zane kuma yana girmama shi. Ollé yana da shaidu. Gatell ba zai tara manyan gari don ya kunyata kansa ba. Tarrida kuwa ya san fentin ɗanye ne, ba zai matse shi a jiki ba. To me ya sa wani zai ɗauki zane ɗanye, na mutumin da ba a sani ba, wanda ba zai sayu ko'ina ba? Ba don ya mallake shi ba ne. Don kada a gan shi ne a gefen jarida."

"Me jarida ta yi?" in ji Vilamala.

Rosell ya dubi Coloma. Ta girgiza masa kai kaɗan, roƙo ne. Ya kawar da ido.

"Babu mace a bakin ƙofar, Senyor. Tarrida ya goge ta ran Juma'a da safe. Da ka tsaya a gaban zanen da la'asar, ƙofa ce kawai a buɗe."

Vilamala ya ɗora hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa.

"Senyora ta dawo daga Sabadell ta nufi zauren," Rosell ya ci gaba. "Mai gadi bai lissafa ta cikin baƙi ba. Ta ɗaga ƙyallen ta ga abin da ya canza, ta kuma san abin da ka je ka faɗa a gidan jarida, tunda ita ta ba ka shi. Idan babu zanen, maganar wani ɗan ƙauye ce kawai a kan taka, shi kuma an yabe shi, da wuya ya buɗe baki. Ta cire shi ta sa a cikin rigarta."

"Na je gidan jaridar," in ji Coloma. "Na tsaya a ƙofa. Me zan ce musu? Ku cire sakin layi na biyu, mijina bai ga abin da ya ce ya gani ba? Shekara biyu ke nan, Sufeto. Haske da duhu kawai yake bambancewa, likitoci sun ce babu abin yi. Ni nake dubawa in faɗa masa, ga ja a nan, ga inuwa a can, shi ya yi tambaya, ya auna, ya yanke hukunci. Hukuncin nasa ne, ko kalma ɗaya ban taɓa ƙara masa ba. A titi ina riƙe da hannunsa ina raɗa masa sunan duk wanda ya ɗaga mana hula, mutane suna cewa dubi soyayya. Rana ɗaya tak na bar shi."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?" in ji Vilamala.

"Kai ka ce ranar da aka sani, ranar ka gama. Na san yadda ka faɗe shi, Eudald. Na san abin da kake nufi."

"Tun daren Juma'a nake jin warin ruwan wanke fenti a gidan nan," ya ce a hankali. "Na ji tsoron tambaya." Ya juya fuskarsa inda yake zaton Benet yake, bai dace ba sosai. "An ce ka kwana a tsare. Na zauna a kujerar nan ina cewa kuskure ne, ban tashi ba."

"Ina zanen?" in ji Benet. Maganarsa ta farko ke nan.

Coloma ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe cikin zanen gado. Ta ajiye a tebur, ta kasa buɗewa. Benet ne ya buɗe.

Tsaunin yana nan, rufin gidan yana nan. Tsakiyar kuwa ta tafi. Baƙin fentin ƙofar ya goge a jikin rigar Coloma ya bazu har bango, ga sawun ulu a ciki. Ta yi ƙoƙarin tsabtace shi da ruwan wanke fenti, ruwan ya ci har ƙasa, ya narkar da jan da ke ɓoye, komai ya cakuɗe ya zama launin laka. Babu ƙofa, babu mace.

Benet ya zauna a ƙasa a gefen teburin. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi sauƙin kallo.

"Zan biya duk abin da—" in ji Coloma.

"Ba ki da abin biya, Senyora." Ba da faɗa ya faɗa ba. "A gabanta na zana shi, tana ta cewa in yi sauri ƙafarta ta gaji. Ba zan iya sakewa ba."

"Ya fi kyau bayan ka goge ta?" Vilamala ya tambaya.

"Ban sani ba. Ni dai na kasa barinta a wurin."

"Coloma?"

"Ya fi," ta ce. "Da na ɗaga ƙyallen sai da na manta abin da ya kawo ni. Shi ne mafi kyau a zauren, kuma ni na lalata shi."

Benet ya ɗago kai ya dubi Rosell. "Ni ban kai ƙara ba, yallaɓai. A bar ta. Me zan yi da ita a kurkuku?"

"Ba a hannunka yake ba," in ji Rosell. "Ba a hannuna ba kuma. Gatell ne ya shigar da ƙara, rabin gari sun ga firam ɗin. Shugabana ba zai sake ka ba sai na kawo masa wani suna a madadin naka, alƙali kuma sai ya tambayi dalili a gaban 'yan jarida. Na kwana ina neman yadda zan kauce wa wannan. Babu."

"A ce tana son zanen ne kawai," in ji Benet. "Ni zan yi shiru a kan matar da na goge."

"A'a," in ji Vilamala. "Ta zama ɓarauniya a bakin duniya don ni in ci gaba da zama mai ido? Ya isa." Ya miƙe, ya lalubi sandarsa a jikin kujera. "Yanzu za ka tafi da ita?"

"Za ta ba da bayani a ofis. Ina fata a bar ta ta dawo gida kafin shari'a, amma ba zan yi alkawari ba."

"Coloma, hulata."

"Zauna, Eudald. Lahadi ce, yanzu ake fitowa daga coci. Kowa na titi."

"Na sani. Hulata."

Suka sauko a hankali, shi da ita a gaba, hannunta cikin nasa, Rosell a baya, Benet a ƙarshe rungume da abin da ya rage na zanensa. Ƙararrawa na bugawa, dandalin ya cika da mutane cikin kayan Lahadi. Ba su yi nisa ba wani mai ƙiba da farin gashin baki ya hango su, ya cire hula tun daga nesa, ya nufo su fuskarsa cike da fara'a.

Coloma ta karkata kai zuwa kunnen mijinta.

"Bari," ya ce mata.

Ya tsaya a tsakiyar mutane ya cire tasa hular. Rosell yana gani, kuma babu abin da zai iya yi masa.

"Ka yi haƙuri, Senyor," in ji Vilamala, da muryar da na kusa duk suka ji. "Faɗa min sunanka. Ba na ganinka."